Lasifikar da ta kalli fadama

Ranar Talata, 6 ga Fabrairu 2018, Mu'azu mai gyaran rediyo ya fara haɗuwa da Baba Halliru, manomin albasa. An ɗauko Mu'azu daga Goronyo don ya ɗaura lasifika huɗu a masallacin wata unguwa a Taloka. Yana saman tsani tsohon ya zo ya roƙe shi ya juya ɗaya gabas, wajen fadama, domin da rani can maza ke wuni, kuma da ita za su riƙa jin kiran salla da sanarwar rasuwa. Mu'azu ya juya ta, ya jawo wayoyinta, ja da baƙa, ya ɗaure a bayan amfilifaya, na'urar ƙara sauti.

Aikin ya yi kyau har aka bar masa kula da kayan. Daga baya ya yi aure a unguwar, ya buɗe rumfa. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya barin waya tsirara, sai dai yana son yabo.

Bayan shekara uku surukinsa, Alhaji Yusha'u, ya yi ƙorafin cewa sauti ba ya kaiwa sabon gidansa. Mu'azu ya ƙara lasifika ta biyar. Amfilifayar ta fara ɗaukar zafi, don nauyin ya fi ƙarfinta. Maimakon ya gaya wa liman, sai ya kwance wayar ta gabas a ɓoye. A ransa ya ce albasa ba ta salla.

Ranar Asabar, 13 ga Maris 2021, wani dattijon unguwar, Malam Jelani, ya rasu da hantsi. Amininsa na shekara hamsin shi ne Baba Halliru, kuma kowa ya san wasiyyar da ya bari, cewa Halliru ne zai yi masa wanka. Ladan ya yi sanarwa sau uku. Ba wanda ya yi tunanin aikawa fadama, tunda an saba suna ji. Aka jira, rana ta yi zafi, wani ya yi wankan, aka kai shi kafin azahar.

Da la'asar Baba Halliru ya shigo gari da laka a ƙafa, ya tarar ana zaman makoki. Ya rantse bai ji komai ba, sauran 'yan fadama ma haka suka ce. Amma mutane suka ce ai bakinsu ɗaya, ban ruwa ne ya fi musu jana'iza. Matar mamacin ta ƙi amsa gaisuwarsa. Tsohon ya daina zama a ƙofar masallaci.

Mu'azu ya mayar da wayar washegari, ba wanda ya gani. Kwana tara yana jin ana zagin tsohon a bakin rumfarsa, shi kuwa kansa na sunkuye kan rediyo. Tuwo ya daina shigar masa.

A rana ta goma ya sami Baba Halliru a fadama, ya tsuguna, ya faɗi abin da ya yi.

Baba Halliru bai ɗago daga kwamin albasar da yake ba ruwa ba. Ya ce, "Mi na yi maka, ɗana?"

"Ba ka yi man komi ba, Baba."

"To ni na yahe. Amma ba ni ɗai anka zaga ba. Tahi ka hwaɗa inda anka ji waccan sanarwa."

Ranar Juma'a bayan salla Mu'azu ya karɓi makirfo daga hannun ladan, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya faɗi laifinsa. Unguwa da fadama duka suna ji. Da yamma matar Malam Jelani ta aika wa Baba Halliru da fura.

Liman ya nemi Mu'azu ya ci gaba da kula da kayan, amma Mu'azu ya ce ba zai iya ba. A watan Yuni na shekarar ya ƙaura zuwa Rabah da iyalinsa. Yana can yana gyaran rediyo da fanka.