Dakalin Baffa a Kan Taswira

Kalgo

Ana idar da sallar asuba na bar gida a Birnin Kebbi, da waya da igiyar awo a jaka. Aikin da aka ba ni shi ne in bi lungunan Kalgo da Gwandu, in saka wa manhajar taswira inda motar asibiti ko ta kashe gobara za ta iya shiga. Inda mota ke wucewa kore ne, inda ba ta wucewa ja.

A shingen hanya wani jami'i ya leƙa jakata ya ce, "Tela ne kai?" Na ce kusan haka, sai dai ni lungu nake aunawa. Na yini a kan babur, ni da kwatoci, na kwana wajen wani abokina bayan na cika ciki da tuwon shinkafa da kifi.

Gwandu

Washegari na hau bas, muka biyo ta Dalijan, muka iso Gwandu da hantsi. Garinmu ne, don haka na shiga da ƙwarin gwiwa. A hoton tauraron ɗan'adam lungunmu kore ne shar. Ashe inuwar dalbejiya ce ta ɓoye dakalin ƙofar gidanmu, wanda kakana ya gina, inda Baffa, yayan mahaifina, yake karɓar gaisuwa tun ban san kaina ba. Na auna faɗin lungun har sau biyu ina fatan igiyar ta yi mini ƙarya. Mota ba za ta wuce ba.

Raina ya ɓaci. Inna, matar Baffa, tana fama da hawan jini. Bara da ta faɗi, a baro aka tura ta zuwa bakin titi. Amma a gidanmu ɗa ba ya buɗe baki ya ce wa uba ya rushe mazauninsa. Na mayar da layin ja, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wayar kawai.

"Wanga jan layi, mi shika nuhi?" in ji Baffa.

"Mota ba ta isa nan, Baffa."

"Mi ka hana ta?"

Na sunkuyar da kai. Ya dubi igiyar awon da ke shimfiɗe daga bango zuwa gindin dakalin, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce in shiga in sha fura.

Da la'asar ƙarar diga ta tashe ni daga barci. Baffa da kansa ya fara saran dakalin, maƙwabta suka karɓe shi. Da aka kwashe ƙasar ya ce, "Sake awo." Na sake, na mayar da layin kore.

Komowa

Na iso gida bayan isha'i lafiya, alhamdu lillahi. Ina godiya ga duk wanda ya ba ni ruwa ko masauki. Da zan fito Gwandu, na bar Baffa zaune kan tabarma a ƙarƙashin dalbejiyar. Ya ce ita tabarma, ko mota ta zo, naɗe ta kawai za a yi.