Famfon Gobara da Sallar Azahar

Har gobe ba zan manta da ranar da na yi gadin injin ruwa kamar mai dakon ɓarawo ba. Lokacin ina jami'in kula da injuna a wani sabon ginin ofis a Wuse, irin wanda ake ba shaidar tattalin ruwa da wuta. Shaidar nan ba ta dindindin ba ce. Masu bincike kan dawo su duba mita, in sun ga ɓarna su janye ta. Shi ya sa muke bin komai tun kafin ya lalace, daga na'urar sanyaya ɗaki da farantan sola har tankunan ruwa.

Kwatsam sai injin da ke tura ruwan kashe gobara ya fara tashi kullum da rana, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Tankinsa kuma sai raguwa yake. Shugabanmu, Injiniya Bitrus, ya ce yoyo ne, ya ɗora laifin a kan Dauda, makanikin injin.

"In masu bincike suka zo abin nan bai daina ba, Dauda zai tafi," in ji shi.

Na ce, "Oga, wane irin yoyo ne wannan da ya san lokaci?"

Abin ya tsaya mini a rai. Washegari na tare a ɗakin injin. Ana kiran azahar, sai ga shi ya tashi! Na bi bututun har bayan gini. Ikon Allah! Ma'aikata ne a layi da butoci a bakin famfon gobara, na gaba kuwa Daraktan ofishin ne da kansa, ya naɗe hannun riga.

Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai na gobara ne."

Ya ce, "Malam Iliya, famfunan naku na ciki masu ɗauke kansu, kafin ka kuskure baki sun tsaya, buta ma ba ta shiga ƙarƙashinsu. Da me za mu yi alwala?"

Wallahi da ƙyar na danne dariya. Gaskiyarsa kuwa: wanda ya zana ginin ya tuna da rana da ruwan sama, bai tuna da salla ba.

Muka gina wurin alwala mai ƙananan famfuna, ruwan da ya zuba yana gangarawa wajen shuke-shuke, muka sa wurin cikin abubuwan da ake dubawa. Injin ya yi shiru, shaidarmu ta tsira. Dauda, da har ya fara neman aiki a masana'antun Idu, ya riƙe hannuna yana ta godiya.

Ku da kuke shigowa aikin nan, tsarin kula da gini ba ya ƙarewa a ɗakin inji. Ni dai yanzu in aka damƙa mini sabon gini, tambayata ta farko ita ce: ina mutanen nan za su yi alwala?