Tsohuwar Hanyar Jakai Daga Kibiya Zuwa Rano

Tun da na ajiye aikin koyar da labarin ƙasa nake da burin haɗa wani ɗan littafi a kan Rano da Kibiya, taswira a shafi ɗaya, bayaninta a shafin da ke kallonta. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Shekara da shekaru ina zana taswirar Afirka a allo ba tare da na duba littafi ba, sai a ce ta garinmu ce za ta gagare ni? Ta cikin garin Rano ba ta ba ni wuya ba. Dutse yana nan inda yake, kasuwa ma haka. Wadda ta kusa sa ni yaga takardun gaba ɗaya ita ce ta tsohuwar hanyar jakai, wadda mutanen Kibiya suke bi su je cin kasuwar Rano kafin a yi kwalta.

Mutum ɗaya na sani da ya taka hanyar nan da ƙafarsa, wato kawuna, wan mahaifiyata, wanda ya yi fataucin hatsi a kan jaki. Na same shi da hantsi a zaurensa, na shimfiɗa takarda, na feƙe fensir.

Na ce, "Kawu, in kun fito daga garin Kibiya, ina kuke nufa?"

Ya ce, "Sai mu bi ta gindin rimi."

"Wane rimin?"

"Rimin nan dai. Wanda tsawa ta faɗa wa kafin a yaye ka."

Na tambaye shi ko gabas yake da gari ko yamma. Ya ce yana dama da gidan wani masaƙi, Allah ya jiƙan sa, mutumin kirki, shi ne ya saƙa wa kakata zanen da ta je Kano da shi. Labarin zanen nan ya kai mu har azahar. Da na samu na jawo shi kan hanya, na ce daga rimin zuwa rafi nisan yaya ne?

Ya ce, "Ba nisa. Kafin ka cinye goro ɗaya ka isa. In jakin mai gardama ne, goro biyu."

Na dubi rular da ke hannuna, na mayar da ita aljihu.

Da aka gama girbi, gonaki suka buɗe, na goya shi a babur muka bi sawu. Ban taɓa shan duka a kafaɗa irin na ranar ba. Da ya ga wuri sai ya ɗaka mini tafi ya ce, "Tsaya! Tsaya!" In tsaya, ya nuna mini fili fetal, ba komai sai karan dawa, ya ce nan mai kunun tsamiya take zama. Amma fa ban raina ba, domin duk inda ya nuna, in na duba da kyau sai in ga ƙasar ta ɗan lotsa, alamar an daɗe ana takawa. Kwana uku muna wannan yawo, na fitar da zane mai tsabta har da launi. Hanyar ta ƙetare rafi ta wurin yashi, kamar yadda Kawu ya faɗa.

A rana ta huɗu muka yada zango a wata ruga da ke kusa da rafin don mu sha ruwa. Mai rugar wani dattijo ne, Ardo ake ce masa, daga wajen Fammar ya taso ya zauna a nan, yanzu noma ya fi yawa a aikinsa. Sun san juna da Kawu tun zamanin jakai. Ni da neman suna, sai na zaro zanen na nuna masa. Ya riƙe shi a kife, na juya masa, ya sake kifewa, ya ce a haka ya fi gane shi. Sannan ya ɗora yatsa a kan rafin.

Ya ce, "Malam, wa ya ce maka ta nan ake ƙetarewa? Ta kan duwatsu ake bi, can sama."

Kawu ya ce, "Ardo, shanunka dai suke bi ta duwatsu. Mu mutane ta yashi muke bi."

"Alhaji, da idona na ga jakinka ya zame a kan duwatsun nan, buhu ya fashe."

"Ba jakina ba ne!"

Ardo ya kai ni har wurin, na ga duwatsun sun yi sumul saboda taku. Na dawo gida na goge, na maida hanyar ta kan duwatsu. Kawu ya ji labari, kwana biyu ina gaishe shi yana amsawa da ka. A rana ta uku ya aiko a gaya mini in Ardo ne wan uwata, to in koma ruga da zama. Na sake gogewa na mayar yashi. Takardar ta huje a daidai rafin, dole na sake sabon zane tun daga farko.

Na ga abin ba zai ƙare ba, na sake ɗaukar Kawu muka koma rugar don su daidaita a gabana. Suka dasa daga inda suka tsaya. Ana cikin haka matar Ardo, wata tsohuwa siririya, ta kawo mana fura. Ta ajiye ƙwaryar, ta tsaya tana saurare, sannan ta dube ni.

Ta ce, "Ɗan nan, me suke ta musu a kai? Da damina in rafi ya kawo, ta duwatsu ake bi. Da rani a bi ta yashi, ya fi kusa. Ni da nake kai nono Rano duka biyun na bi."

Kawu ya ce, "To ai abin da nake faɗa ke nan."

Ardo ya ce, "Ni ma shi nake ta gaya maka."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, "Mako biyu! Mako biyu ina gogewa, ba wanda ya ambaci damina a cikinku!" Kawu ya ce ai ban tambaya ba. Suka ci gaba da shan furarsu.

Na ɗauka wahala ta ƙare, hanya biyu zan zana, ta rani da ta damina, saura awo. Na samo doguwar igiya na fara auna hanyar damina ni kaɗai. Ina tsakiyar wata gonar gyaɗa da aka riga aka cire, sai ga mai gonar ya taho a fusace. Ya ga takarda, ya ga igiya, ya yanke cewa gwamnati ce ta turo ni in buɗe burtali ta cikin gonarsa don shanu su riƙa wucewa. Na rantse, na nuna masa sauran zane-zanen, ya ce duk haka ake farawa. Sai gaban mai unguwa. A can na yi bayani har muryata ta dishe. Mai unguwa ya gane, amma ya ce, "Malam, takarda tana daɗewa. Wata rana wani zai ɗauko ta ya kafa hujja da ita." Aka rabu a kan ba zan zana hanyar a cikin gonar mutumin ba. Shi ya sa duk wanda ya duba taswirar zai ga layin damina ya katse, ya sake ɓullowa a gaba. Masu karatu da dama sun ɗauka kuskuren maɗaba'a ne, na gaji da yin bayani.

Ranar da littafin ya fito, kwafin farko Kawu na kai wa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana bin layin da yatsa. Ina jira in ji sa albarka, sai ya ɗago.

Ya ce, "Ina rijiyar?"

"Wace rijiya kuma, Kawu?"

"Rijiyar da muke shayar da jakai mana. Wa zai je Rano bai tsaya a rijiyar nan ba?"

Sau nawa muka bi hanyar nan tare, bai taɓa furta kalmar rijiya ba. Na tashi na tafi ko sallama ban yi ba. Mako guda ina cewa rigimar tsufa ce, daga baya na kasa haƙuri na koma ya kwatanta mini wurin, na hau babur na je. Tana nan, a bayan wani gida, an rufe bakinta da faffaɗan dutse, gefenta duk zanen igiyar guga. Na koma gida na zazzage kwalin littattafan a tabarma, na ɗauki biro, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗiga rijiyar da hannu.