Rumbun Baba Attahiru

Ranar kasuwa, ina zaune bakin biro, wato ofishinmu, a Keita, wani mai jaki daga Tamaske ya tsaya ya gaya mini Baba Attahiru ya rasu, an yi masa sutura tun da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ne magatakardan rumbun tsimi, wanda hukuma ta kafa bayan yunwa don a ranta wa manoma iri da bazara, su mayar da kaka. Shi kuwa bafatake ne, raƙumansa ke kai hatsin ƙauyuka a kan lada. Can na san shi. Ba shi da yawan magana. In ana awon iri yakan tsaya sai tiya ta yi tozo, ya ce, "Ba a shafe tiya ga mai shuka." Ya ga na damu da lissafi, sai ya riƙa cika gibin daga buhunsa.

Shekarar da fara ta cinye hatsin Tamaske, garin ya kasa biya. Doka a fili take: wanda bai mayar da tsohon iri ba, ba a ba shi sabo. An share gonaki, hadari ya fara haɗuwa gabas, ba abin shukawa. Na yi ta juya dokar ban ga mafita ba. Baba ya zo ya sa ni gaba zuwa wurin kumandan, mai mulkin yankin, don in yi masa tafinta.

"Ɗana, gaya mishi, in anka hana su iri bana, da mi za su biyan na bara? A raba bashin kaka biyu. Ni na tsaya musu."

Kumandan ya tambayi jingina. Baba ya ce, "Rumbuna." Kumandan ya ce ba ya karɓar abin da ba a gani ba.

A Adar, rumbun magidanci suturarsa ce. Ko ɗan cikinsa ba ya leƙawa. Amma Baba ya kai mu gidansa a Tamaske, ya sa aka jingina tsani, ya cire murfin da hannunsa a gaban jama'a, ya ce wa gardi, dogarin kumandan, "Hau, mai jar hula. Leƙa da kyau, amma kar ka hwaɗa ciki, ba ni da abin ciyar da kai." Gardi ya sauko ya ce hatsin bai kai rabin rumbun ba. Duk da haka kumandan ya yarda, aka ba da iri.

Ran nan gari ya san wanda ake ɗauka mai wadata ba shi da ita. Fataken da ke ba shi kaya bisa amana suka ja baya, har ya sayar da wasu raƙumansa. Na ce masa, "Baba, anya ban ja maka ba?" Ya ce, "Kai mi ka yi? Kunyata ta wuce tun ran nan. Je ka dubi gonaki." Har yau ban tabbata da na iya fassara fiye da haka, da an bar masa rumbunsa a rufe ba.

Bara aka biya rabin bashin. Saura rabi, jinginar tana nan. Da na je gaisuwa, na gaya wa babban ɗansa Abdu cewa magada suna da ikon janyewa, sai dai in sun janye, Tamaske ba ta da iri bana. Abdu ya sunkuyar da kai. Daga bayan zana mahaifiyarsa Inna, tana cikin takaba, ta ce, "A bar shi yadda yab bar shi. Muna kai kaka in Allah ya so."

Allah ya jiƙan Baba Attahiru, ya gafarta masa, ya rufa masa asiri ranar da ake buɗe na kowa. Allah ya ba Inna da Abdu da ƙannensa haƙuri, ya ba mu damina mai albarka, ya kai su kaka lafiya. Amin.