Akwatin Gawar da Aka Kawo Ƙofar Gidanmu

A Douala, idan kakar ƙwallon makarantu ta ƙare, akwai wasa ɗaya da ke saura, na cin kofi, tsakanin kolej biyun da suka fi kowa. Ana saura shekara in gama, kolejinmu na unguwar New Bell ya haɗu da wani na unguwar Ndogpassi, ni ne mai tsaron gida. Suka zura mini uku. Ta ukun ta tsakanin ƙafafuna ta wuce, kyaftin ɗinsu, wani dogo mai bakin tsiya, ya zo ya shafa kaina kamar ɗan akuya.

Da abin ya tsaya nan, da na haɗiye. Amma mutanen garin nan suna da wata al'ada: wanda ya yi nasara sai ya yi wa wanda aka ci jana'izar wasa. Uban kyaftin ɗin kafinta ne, shi ya haɗa musu akwatin gawa, har da fenti. Suka lulluɓe shi da riga mai lambata, suka saɓa a kafaɗa, da ganguna da kukan ƙarya, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, na biye a kan baburansu suna danna hon. Haka suka ratsa unguwar Hausawa har ƙofar gidanmu.

Ni ina can bayan fili ina ɓoye fuska. Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta ji ana kiran sunana cikin kuka. Ta fito ko mayafi babu, ta ga akwati, ta ga rigata. Ina za ta san wasa ne, matar da ba ta taɓa leƙa filin ƙwallo ba? Nan ta yanke jiki ta faɗi a bakin kwata. Su kuwa dariya suka yi, suka yar da akwatin suka wuce.

Ta daɗe a kwance jininta bai sauka ba. Ranar da ta miƙe, safar hannuna ta fara jefawa cikin murhu.

"Kai da ƙwallo har abada," in ji ta. "An yi maka mugun fata, ba zan zauna in jira ya tabbata ba."

Ban yi mata musu ba. Akwatin dai na ɗauke, na kai shagon Kawu, ƙanenta, a kasuwar Marché Central. Ya ƙwanƙwasa, ya ce katakon mai kyau ne, ya zuba albasa a ciki. Duk ranar da na je taya shi sai na ɗaga murfin, in ji raina ya ɓaci sabo fil. Na tsani yaron nan kyaftin ɗinsu, ban kuma so tsanar ta huce. Na ci gaba da atisaye a ɓoye da safar aro.

Da shekara ta zagayo, mu da su muka sake kaiwa wasan kofi. Na sami Inna tana tsince shinkafa, na durƙusa.

"Inna, su ne kuma."

Ba ta ɗago ba. "Akwatin nan yana nan?"

Ashe Kawu ya daɗe da fesa mata. Na ce yana nan.

"Yaron yana da uwa?"

"Yana da ita."

"To tashi ka je."

Aka tashi canjaras, aka koma bugun fenariti. Kyaftin ɗin nan ne na ƙarshensu. Ya ajiye ƙwallo yana murmushi, ya ce mini da Faransanci ai ni gawa ne tun bara. Ya buga ta dama, na bi ta, na rungume ta a ƙirji. Har yau ban san nauyin kofin nan ba, don ban tsaya ɗagawa ba. Shagon Kawu muka nufa, muka juye albasarsa a ƙasa yana ta zaginmu.

Muka isa Ndogpassi da la'asar sakaliya, akwati a kafaɗa yana warin albasa, riga mai lambar kyaftin a samansa. Na hana kowa kiɗa, na ce kuka kawai, a kuma kira sunansa da kyau. Uban ya fito daga shago da zarto a hannu. Uwar ta biyo shi a guje, ta dafe ƙirji, ta durƙushe. Na tsaya ina kallonta, ina jiran tausayi ya zo mini, bai zo ba.

"Baba, ga kayanka," na ce wa kafintan. "Bai yi mini daidai ba. Ka gwada wa ɗanka."

Da na koma gida, Inna na kan tabarma ta idar da sallar magariba. Ba ta tambayi wanda ya ci ba.

"Uwarsa ta gani?"

"Ta gani."

Ta turo mini kwanon tuwo da hannunta. "Zauna ka ci."