Waƙar da Muka Fara a Kwabar Yaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya yi wa yayata rasuwa bayan gajeriyar rashin lafiya, a asibitin da ta yi shekaru tana jinyar wasu. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai in rasa abin da ya fito da ni.

Yaya, ke kaɗai ce ba ki yi mini dariya ba da na ce zan haɗa ɗan sutudiyo a gida. To, kin yi, amma sai da na juya baya. Ban san komai ba a lokacin. Tsohuwar kwamfuta gare ni, da makirufo na gwanjo, da abin sawa a kunne wanda gefe ɗaya ne ke aiki. Na bi bangon ɗakina na lilliƙa kwalayen ƙwai, don na ji an ce suna hana amsa-kuwwa. Ba abin da suka hana, sai kyankyasai da suka tara mini. Duk abin da na ɗauka, in na kunna, kamar a banɗaki na rera shi.

Da na kawo miki, kika kasa kunne, sannan kika ce, "Muryar ba laifi, ɗakin ne ke maka gardama. Ni in na cusa kai cikin kwabar kaya ina waya, ba na jin wannan ƙugin. Zo ka gwada."

Haka kwabar tufafinki ta zama sutudiyona. Kika ture zannuwa gefe, na tsuguna tsakanin fararen kayan aikinki da dogayen riguna, igiyar makirufo ta bi ta ƙasan ƙofa zuwa kwamfuta a kan gadonki. Ke ce mai danna maɓalli. Ke ce mai kashe firij da fanka, ki zauna kina zufa bayan kin dawo aiki a gajiye, ba ki taɓa cewa in yi sauri ba. Sabuwar safarki kika yanke kika ɗaura a bakin makirufon don kada iskar bakina ta riƙa bugunsa. Ranar da maigidanki ya buɗe kwaba neman rigarsa ya tarar da ƙato a tsugune, ya yi salati ya ja da baya, dariya kika yi har da hawaye. Nan kika raɗa mini Ɗan Kwaba, sunan ya bi ni har wurin aiki.

Waƙa ɗaya muka sa a gaba. Mun gama baiti biyu, saura na ƙarshe, sai kika kwanta. A gadon asibiti ma ba ki bar ni ba: "Ɗan Kwaba, ban da lalaci. Ka ƙarasa ta."

Da masu gaisuwa suka watse, Mama da maigidanki suka yanke shawarar a kwashe kayanki a ba mabuƙata, kamar yadda kika saba yi da hannunki. Tufafin nan su ke shanye amsa-kuwwar, in an kwashe su baitin ƙarshe ba zai taɓa yin kama da 'yan'uwansa ba. Na roƙi Mama a ɗan jinkirta. Ta dube ni ta ce, "Kai ma dai! To, je ka yi abin da za ka yi."

Na je, na danna maɓallin da kaina, na shiga na ja ƙofa. Ƙamshin turarenki da na sabulun asibiti ya rufe ni. Na buɗe baki, waƙar ta ƙi fitowa. Na fito, na zagaya tsakar gida, na sake shiga. Washegari ma haka. Ina ta kai-komo, Mama na jira, 'yarki kuwa ta daina shiga ɗakin, don da ta hango rigunan uwarta sai kuka. Wallahi kunya ta kama ni. Na ce da Mama a kwashe.

Jiya na koma. Kwabar ba komai sai katako da maratayan kaya. A haka na ɗauki baitin ƙarshe, muryata na dukan katako tana dawo mini. Wani abokina ya ce zai iya gyara shi a kwamfuta ya daidaita da na farkon. Na ce ya bari. Duk wanda ya saurari waƙar nan zai ji daidai inda kika tafi.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki. Allah Ya sa jinyar da kika yi wa bayinSa ta zame miki haske a kabari, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da maigidanki, da 'yarki, da abokan aikinki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, ni kuma Ya zaunar mini da zuciyata wuri ɗaya. Amin.