Katangar Uwani

Uwani ba ta taɓa taka ƙasar Amurka ba. Ko filin jirgin sama sau ɗaya ta je, ranar da aka tafi taryen mijinta. Amma da za a tashe ta daga barci a ce ta ba da labarin jihar Kansas, da ta zayyana shi tiryan-tiryan. Ta san a tsakiyar ƙasar take, ba teku kusa, ba wani dutsen kirki, fili ne shimfiɗe iya ganinka. Ta san Topeka ce hedikwata, ta san a Wichita ake ƙera ƙananan jiragen sama. Ta san alkamarsu da shanunsu da guguwar nan mai ɗauke gida da mutanen ciki. Duk ta sani, kuma babu wurin da ta tsana a doron ƙasa kamarsa.

Mijin nata, Malam Maje, malamin gona ne. Gwamnati ta tura shi ƙaro ilmi na shekara biyu, ya dawo a 1979, daidai lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula. Kano ta ɗau zafi, kowa bakinsa da jam'iyyarsa, ana ta cacar baki a majalisu da tashoshin mota. Maje shi kaɗai ne ba ruwansa da zaɓe. Mutumin da ya tafi shiru-shiru, sai an yi da gaske ake jin muryarsa, ya dawo da baki har kunne, kuma zancen guda ɗaya ne.

Tun ranar farko Uwani ta ga alama. Ta tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu, don a wasiƙunsa ya sha cewa ya yi kewarsa. Ya kai loma biyu, ya ɗago yana murmushi.

"Kin san a Kansas shanu ake ba wannan dawar? Ga ta nan gona-gona, ba mai ci sai dabbobi."

Shi a ganinsa labarin arzikin ƙasa yake ba ta. Ita kuwa abin da ta ji shi ne ta wuni a gindin murhu tana dafa abincin shanu. Ta kwashe kwanuka ta yi kicin.

Ba a jima ba ya sami fili a Gyaɗi-Gyaɗi, ta ɓangaren da ke kallon Tarauni. A lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a wajen. Da hannunsa ya zana taswirar ginin, ya kira yayan Uwani, Ɗahiru, wanda magini ne tun tasowarsa. Ɗahiru ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.

"Malam, ta ina katangar za ta bi?"

"Babu katanga."

"To zauren fa?"

"Babu zaure. Baranda za ka yi min mai kallon titi, da manyan tagogin gilashi. Gaban kuma ciyawa zan shuka."

"Wai gida za mu gina ko tashar mota?"

Maje ya gyara zama. Ya ce a Kansas sai ka wuni kana tafiya a mota ba ka ga katanga ɗaya ba. Kowa gidansa a buɗe, ciyawa kore shar, maƙwabci na zaune a barandarsa ya ɗago maka hannu. Ya ce katanga rashin yarda ce, kuma shi dai ba zai kulle matarsa kamar kaza a akurki ba. Ɗahiru ya gina gidan albarkacin ƙanwarsa, yana ɗora bulo yana tsaki. Ranar da ya gama ya wanke cebur ɗinsa ya tafi, bai sake taka ƙofar ba.

Abin da mai ilmin nan bai lissafa ba shi ne inda matar gida take rayuwa. Uwani a Tarauni aka haife ta, a gida mai tsakar gida kamar na kowa. A nan ake daka, a nan ake wanki da shanya, a nan ake kitso, a nan mace ke cire ɗankwali ta sha iska ba idon kowa. Maje ya ɗauke wannan duka ya miƙa wa titi. Ta koma daka a kicin har simintin ya tsage. Kayanta na ciki a ɗaki take shanya su, su kwana biyu suna warin danshi. Manyan tagogin nan da ake taƙama da su, labule ne a kansu dare da rana, don in ta ɗaga shi duk wanda ya wuce sai ya ga abin da ke tukunyarta. Ko shara za ta zubar sai ta yafa mayafi kamar mai tafiya unguwa. Wanda ya ce ba zai kulle ta ba ya kulle ta fiye da kowace mace a layin.

Ciyawar kuwa awakin unguwa ne suka ji daɗinta. Abin da suka rage, masu yanke hanya suka tattake. Ƙawayen Uwani suka ɗauke ƙafa, don ba wadda za ta ratsa ta gaban mai gida yana hakimce a baranda. Maza ma ba su zuwa. Ba zauren da mutum zai tsaya ya yi sallama, in ya matso ƙofa kuma ya ga cikin gidan wani, abin kunya. Haka Maje zai zauna shi kaɗai bayan la'asar yana ɗaga wa masu wucewa hannu, su kawar da kai.

Unguwa ta cika. Kowa ya zo sai ya ja katangarsa, wasu har da fasassun kwalabe a kai. Gidan Maje ya rage a tsakiya kamar wawulo a baki, aka sa masa suna Gidan Tsirara. Sunan ya bi gari har 'yan kamashon bas suka mai da shi tasha. Uwani tana cikin ɗaki, bayan labule, za ta ji an buga jikin mota an ce, "Akwai Gidan Tsirara!" Duk ranar Allah sai ta ji, kuma ba ranar da bai soke ta ba.

Ba roƙon da ba ta yi ba. Ta yi da lallami, ta yi da kuka, ta haɗa shi da mahaifiyarsa, ta haɗa shi da liman. Ya saurari kowa cikin ladabi, sannan ya ba su labarin rumbunan alkama na siminti da suka fi hasumiyar masallaci tsawo, da yadda mutum ɗaya ke nome gonar da ta fi unguwar Darmanawa girma. Su tashi kansu na ciwo. Wata shekara da ya tafi rangadi ta sa aka kawo zana aka kewaye bayan gidan da yamma. Washegari da hantsi sai ga shi ya dawo, tun ba ta gama share wurin ba. Da hannunsa ya tuge zanar.

"Ban yi karatu don in dawo in zauna a ƙauye ba," in ji shi.

A gaskiya ba ya duka, ba ya zagi, bai taɓa barin ta da yunwa ba. Wannan ma shi ya fi ci mata rai, don ba inda za ta kai ƙara. Wa za ta gaya wa ta baro gidan miji saboda katanga? Dariya za a yi mata a mai da ita. Sai ta haɗiye, abin ya zauna mata a ƙirji ya zama ƙiyayya. Ta tsani alkama, ta tsani hoton furen nan mai bin rana da ya rataye a falo. Ranar da matar wani abokin karatunsa ta gaya mata cewa ai su Maje a Kansas ɗaki ɗaya suka zauna a saman shagon gyaran taya, gidajen nan masu ciyawa ta tagar bas suke hango su, ba wanda ya taɓa ce musu bismillah, Uwani ta yi dariya har da hawaye. Ashe gidan da aka hana ta sakewa dominsa, ko cikinsa bai taɓa shiga ba.

Bikin 'yarsu Hasana shi ne ƙarshen wulaƙanci. Mata ɗari ba za su zauna a titi ba, sai aka ari tsakar gidan maƙwabta aka yi wuni. Uwar amarya ta zauna a tabarmar aro, a gidan aro, tana tambayar matar gida inda za ta ajiye tukunya. Da daddare Maje ya ce ai ko a Kansas ɗakin taro ake kamawa. Daga ranar ta daina ba shi amsa a kan komai in ba dole ba.

A 1999, sojoji na shirin sake miƙa mulki, Maje ya riga ya yi ritaya. Ana tsakiyar zafin bazara ya yanke jiki ya faɗi. Aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, yawu na zuba, magana sai da ƙyar. Gilasan nan sun mai da gidan tanda, ga wuta ba ta zama. Likita ya ce a riƙa fitar da shi yana shan iska. Ina za a kai shi? Baranda.

Can Uwani ke shimfiɗa masa katifa kullum da yamma, ta jingina shi da matashi, ta koma ciki. 'Yan acaɓa su rage gudu su leƙa. Mata su tsaya su ce "Allah sarki" da ƙarfi yadda zai ji. Mutanen da shekara ashirin ba su amsa hannunsa ba, yanzu kowa ya sami abin kallo. Wata Juma'a, ana dawowa daga masallaci, titi cike, fitsari ya kufce masa. Yana gani ya jiƙa zanen ya gangara bakin baranda, ba ya iya ko jan mayafi ya rufe. Ba wanda ya yi dariya, kallo kawai suka yi.

Da ta shigar da shi ta gyara shi, ya riƙe mata hannu da hannunsa mai lafiya. Bakinsa ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito.

"Katanga."

Ta ji sarai. Ta ce, "Me ka ce, Malam?"

"Katanga, Uwani."

Sai da ta sa ya faɗa sau uku. Allah ya yafe mata, amma ta ji daɗin kowanne.

Ta aika Hasana ta kira Ɗahiru. Ya zo da leburorinsa, ya tsufa, gemu fari fat. Bai shiga duba majinyacin ba. Ya ja igiya, ya sa aka haƙa tushe, ya ce, "Kamu nawa kike so?"

"Yaya, yadda ko mai raƙumi ba zai leƙo ba."

Kwana huɗu aka yi. Rana ta huɗu da hantsi aka kafa ƙyaure, leburori suka kwashe kayansu. Uwani ta tsaya tana duban bulon da bai gama bushewa ba. Kwana huɗu kacal. Takaici ya kama ta, don ta san ba ita aka gina wa ba.

Ta fito da Maje ta kwantar a inuwar sabuwar katanga. Ita kuma ta ja kujera 'yar tsugunno zuwa tsakiyar fili, ta ajiye mayafi, ta zare ɗankwali, ta zauna rana na dukan kanta. Ya daɗe yana kallonta da idonsa mai lafiya.

"Uwani," ya ce da ƙyar, "yaushe kika yi furfura haka?"

Ba ta juyo ba.

"Kana Kansas," ta ce.